Lasifikar Kiberu da Sunan Baba

Buyonjo, ta hanyar Masaka,
14 ga Agusta.

Zuwa ga ƙanena Lubega,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta goya ka a bayanta, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya a can Doha. Yaya zafi, yaya tuƙi, yaya ciwon bayan nan da kake kuka da shi? Allah ya tsare ka a kan titi, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. An gama tsinkar gahawa, tana shanye a tsakar gida, kaji sun hana ni sakat a kanta. Matarka Nakitto ta zo daga Masaka ran Lahadi, ta yi ƙiba abinta, ka daina cewa tana ramewa don kewarka.

Na san za ka ce me ya kawo takarda bayan ga waya. To, kai ne dalili. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, da na ce "Baba" sai ka hau tambayar wane magani za a saya. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Zan ba abokin aikinka Kasozi ya taho maka da ita in hutunsa ya ƙare, ka samu wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, domin akwai abin da muka ɓoye maka wajen wata biyu. Kada gabanka ya faɗi, ya wuce. Ina so ka ji shi ne saboda 'yarka Nabukenya, da kuma abin da ka gaya mata da Kirsimeti, cewa ta bar karatun aikin jarida, wai karatun surutu ne, ta koma aikin jinya. Ba ta gaya maka ba, amma ranar sai da ta yi kuka a ɗakina.

Ka tuna lasifikar Kiberu, telan nan da ya zo garin nan shekara goma da suka wuce ya kama shago a mararraba. Yanzu ƙahonni huɗu ne a kan dogon turke, ƙarfe shida na safe yake kunna su, ya gaishe da gari, ya karanta rasuwa da biki da akuyar da ta ɓata, ya ƙare da labarin ƙwallo. Duk wanda ya ba shi 'yan kuɗin sanarwa da takarda, karantawa yake yi, ko me aka rubuta. Ka kuma san Baba Ssali, aminin Babanmu, ya samu shanyewar ɓarin jiki tun watan Afrilu, yana kwance a asibiti a Masaka, bakinsa ya daina magana. Tun ranar da aka kwantar da shi Babanmu ke kula da gonarsa. Duk sati sai ya sare kan ayaba guda, ya ɗaure a keke, ya tura har bakin titi, ya shiga mota ya kai wa Nabbosa, ƙanwar Baba Ssali da ke jinyarsa, ta dafa masa matoke, tuwon ayabar nan, a bayan ɗakin marasa lafiya. Bai nemi izinin kowa ba, kuma izinin wa zai nema? Ni da kai mun san mukago, 'yan'uwantakar jini, ne tsakaninsu tun suna samari, sun tsaga cibiya, kowa ya haɗiyi ƙwayar gahawa da jinin ɗan'uwansa. Gonar wannan ta wancan ce.

Sai wata mai dogon baki, na san ta, kai ma ka san ta, ba zan ɓata tawada da sunanta ba, ta buga wa Tamale ɗan Baba Ssali waya a Kampala, wai ana kwashe gonar ubansa. Tamale kuwa tun yana shekara bakwai dangin uwarsa suka tafi da shi birni, bai san mukago ba, bai san kowa ba. Bai tambayi kowa ba ya tura wa Kiberu saƙo da kuɗinsa. Lubega, ranar Talata da safe Baba yana tura kekensa da ayabar a ɗaure, ya kusa mararraba, sai ya ji sunansa daga sama. Wai ana sanar da jama'a tsoho Muwonge yana satar ayaba a gonar mara lafiya, duk wanda ya gan shi ya riƙe shi. Mutane na tsaye a bakin shaguna suna kallonsa, ga ayabar a bayan keke. Juyawa kawai ya yi ya dawo gida. Safiya uku a jere Kiberu yana karanta wannan abu, domin na kwana uku aka biya.

Wallahi ban taɓa jin zuciyata ta tafasa irin ta ranar ba. Na ɗaura ɗamara zan je in sauke wa Kiberu kwandon rashin mutunci, Baba ya ce in na fita ƙofar nan ba shi ya haife ni ba. Na ce to in je asibiti in kawo Nabbosa ta yi shaida, ya ce ba a kai wa majinyaci abin kunya. Tsofaffin da suka san da mukagon yawancinsu suna ƙasa, waɗanda suka rage kuwa a ƙuryar ɗaki suke cewa ai ƙarya ne, a waje shiru. Baba ya jingine keke a bayan ɗaki. Ya daina zuwa coci, mutumin da shekara hamsin bencinsa na uku bai taɓa zama babu shi ba. Ya daina zuwa asibiti, domin hanyar ta mararraba take bi. Abinci sai ya taɓa loma biyu ya ture. In na matsa masa sai ya ce mai shaidarsa ɗaya ne, shi kuma ba ya magana. Ina kallo tsohon nan mai shekara saba'in da tara yana ƙarewa a kan tabarma, ba zazzaɓi ba tari, na ji tsoro ƙwarai.

Ana cikin haka Nabukenya ta zo hutu daga jami'a. Ta durƙusa ta gaishe shi, tana jira ya ce mata matarsa ta dawo, ina tsarabar miji, kamar yadda ya saba tsokanarta. Ya amsa gaisuwar kawai ya mai da kai. Ta biyo ni madafa ta tsare ni da ido, dole na kwashe komai na gaya mata. Ka san jininka ne, nan take ta hau sama. Ta ce wannan shi ake kira ɓata suna, shekara guda cur suka yi suna karanta dokarsa. Ta ce a doka wanda ya karanta ƙarya a bainar jama'a ba zai fake da cewa ba shi aka yi ba, laifinsa ɗaya da wanda ya rubuta. Ta zauna ta cika shafi biyu da Turanci, da lambobin doka, da maganar kotu, ta kai wa Kiberu da kanta tana taku ɗai-ɗai. Ni har daɗi na ji, na ce yau Kiberu ya gamu da gamonsa.

Ina! Kiberu ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce wa masu zaman shagonsa su tashi tsaye ga lauyar Kampala ta iso, ko za a kawo mata kujera mai juyawa. Aka yi ta dariya. Amma maganar kotu ta ɗan taɓa shi, domin washegari ya yi abin da ya kira gyara. Ƙarfe ɗaya na rana ya yi shi, lokacin kowa na gona, garin ba kowa sai kaji da tsofaffi masu barci. Sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, tsakanin cigiyar akuya da tallan maganin tsutsa, wai sanarwar nan ta kwanaki akwai ɗan kuskure a ciki. Ko sunan Baba bai kama ba. Nabukenya ta dawo tana huci, ta ce wannan ba gyara ba ne. Gyara sai an yi shi a lokacin da aka yi ɓarnar, da muryar da aka yi ta, sau adadin da aka yi ta, don kunnen da ya ji ƙaryar ya ji gaskiyar. Ni ban je jami'a ba amma na gane wannan sarai.

Daga nan ta gano lasifikar ba ta da lasisi. Ta ce takarda ɗaya za ta aika wa hukuma a zo a sauke ƙahonnin a zuba a mota. Ta rubuta, ta zo ta durƙusa gaban Baba ta karanta masa, tana tsammanin zai ji sanyi. Ranar ne ya yi doguwar magana karo na farko cikin sati uku. Ya tambaye ta wa ya sanar da rasuwar kakarta har mutane suka zo daga ƙauyuka bakwai. Ya tambaye ta wa ya yi ta kiran masu ba da jini ranar da motar kasuwa ta faɗi a gada. Sannan ya dube ta ya ce, "In kin sa an sauke ta, ranar da na mutu wa zai gaya wa mutane?" Ya ce shi sunansa yake so a dawo masa da shi, bai ce a toshe wa gari baki ba.

Na same ta a bayan madafa tana kuka, takardar a hannunta. Ta ce Goggo, duk abin da na karanta bai tsinana wa Kaka komai ba, ƙila Babana ne ke da gaskiya. Na ce mata ke dai rufe min baki, shekara biyu a Kampala ba a koya muku komai ba sai sanda? Ta share hanci ta ce akwai wani darasi na shawo kan mutane da isar da saƙo, a shi ta fi cin maki kaɗan, domin ta ɗauka na masu tallan sabulu ne. Na ce me malamin ya ce? Ta ce ya ce kafin ka buɗe baki ka fara sanin abin da mutumin yake tsoron rasawa. Na ce to, ke kin san abin da Kiberu ke tsoro? Ta ce a'a, ita ko gaishe shi ba ta yi ba ranar da ta je.

Washegari ta ɗaura zane ta tafi shagonsa. Ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwa ta sosai, ta tambayi iyali da ɗinki. Ya ce yau kuma lauya da wace ta zo, ta ce ta zo koyon aiki ne, su a makaranta a littafi kawai suke gani. Mutum da son a yabe shi, sai ga Kiberu yana nuna mata wayoyi da batir. Kwana biyu tana zuwa, tana jera masa takardun sanarwa, tana karanta masa rubutun da ya gagare shi. A rana ta biyu da shagon ya watse ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce tun sati na farko ya ji a jikinsa an zalunci tsohon, amma in ya hau lasifika ya ce ya karanta ƙarya, gobe in ya ce wane ya rasu wa zai yarda? Ya ce kuma ya san ta san zancen lasisi, kullum yana jiran motar hukuma. Sai ta ciro takardar nan ta hukuma ta sa masa a hannu, ta ce ga ta, ba ta aika ba kuma ba za ta aika ba, Kakanta ya hana. Ta gaya masa manyan gidajen rediyo ma suna gyara kuskurensu a fili, shi ya sa ake yarda da su. Ta ce min ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce ya yarda, amma sai wanda ya kawo sanarwar ya zo ya janye ta da kansa.

Saura Tamale ke nan. Ta buga masa waya ina zaune, ina jin ihunsa daga inda nake, wai 'yan ƙauye sun ga ubansa ya kwanta za su cinye shi da rai. Ni da tuni na mayar masa. Ita ko ta bar shi ya gama tas, sannan ta ce ta ga alama yana son mahaifinsa ƙwarai, yaushe rabonsa da ganinsa? Ta ce su haɗu a asibiti ran Asabar, ba gardama za a yi ba, gaisuwa kawai. Kafin mu fita ta tsuguna a wurin shanya ta ɗauki busasshen ɗan gahawa guda ta ƙulle a bakin zane. Ba mu gaya wa Baba inda za mu ba.

Mun iske Tamale ya riga mu, da takalminsa mai ƙyalli da ledar lemo. Ko zama ba mu yi ba Nabbosa ta tare ni da tambaya, wai lafiya Muwonge, ko ciwo yake yi, sati biyar ke nan ba shi ba ayaba, ɗan'uwanta kullum idonsa na kan ƙofa. Ta juya wajen Tamale ta ce ai duk lomar da ubanka ya haɗiya a gadon nan a keken Muwonge ta zo, ku 'yan birni sai lemo. Ba wanda ya sa ta, ita ba ta ma san abin da ya faru ba. Tamale ya fara zufa. Nabukenya ta durƙusa a gefen gado, ta fasa ɗan gahawar nan, ƙwaya biyu suka fito, ta zuba wa Baba Ssali a hannunsa mai motsi. Ya kalle su, ya kalle ta, hawaye suka zubo ta gefen ido. Ya yi ta kokawa da rigarsa har ya ɗage ta, ya ɗora yatsa a kan ɗan tabon da ke gefen cibiyarsa. Nabbosa ce ta yi wa Tamale bayani, ni na kasa. Ƙaton mutum sai ga shi zaune daɓas a kan siminti ya rufe fuska.

A lokacin na zungure ta na ce ta ciro waya ta ɗauka, ga shaida ta samu, a nuna wa duk garin. Ta girgiza kai. A mota ta gaya min mutumin da ba zai iya cewa e ko a'a ba, ba a ɗaukar hotonsa a yaɗa, ko da kuwa gaskiya ce a gefenka. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, yarinyar da na yi wa wanka ce take gyara min zama.

Ran Litinin ƙarfe shida, ina hura wuta, lasifika ta buɗe. Kiberu ya gaishe da gari, ya ce yau kafin rasuwa da kafin komai akwai magana. Ya ce shi Kiberu ya karanta ƙarya a kan dattijo Muwonge ba tare da ya bincika ba, yana neman gafara. Sai ga muryar Tamale, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce Muwonge ɗan'uwan ubansa ne na jini, gonar tasa ce, shi ne ya ciyar da ubansa lokacin da shi ɗan cikinsa bai zo ba. Na leƙa ɗaki, Baba ya juya fuska bango, kafaɗunsa na motsi. Na ja ƙofar na bar shi. Ran Talata suka maimaita, kalma ba ta canza ba, Baba ya tashi zaune ya ce shayin nan ba sukari ne? Ran Laraba bayan sun gama na uku, Kiberu ya ƙara da cewa wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin mayar da martani, ga abin magana nan yana jiran dattijo Muwonge, ko zagi ne zai ɗauka.

Baba ya ce a miƙo masa farar rigarsa da kwat. Muka sa shi a tsakiya ni da Nabukenya, muka taka har mararraba, hanyar da rabonsa da ita sati shida. Mutane sun cika wurin, har da mai dogon bakin nan tana raɓe-raɓe a bayan wasu. A hanya ina ta shirya masa abin da zai faɗa, na ce ya fara da Kiberu, ya bi ta kan Tamale, ya ƙare da masu shiru, kada ya raga wa kowa. Ya karɓi abin maganar, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi gyaran murya, duk garin na ji. Ya ce, "Ni ne Muwonge. Kun kwana lafiya? Akwai kan ayaba biyu da suka ƙosa a gonar ɗan'uwana Ssali, ta bakin rafi. Gobe da safe zan sare su. Ƙafata ta yi sanyi kwanan nan, ina neman wanda zai kai min su bakin titi." Ya miƙa wa Kiberu kayansa. Shi ke nan martanin, ni da duk shirina.

Lubega, da ka ga gonar nan washegari. Masu keke sun fi ayabar yawa, har rigima aka yi kan wa zai ɗauka. A ƙarshe Tamale ne ya ɗora ɗaya a ka, da takalmin nan nasa mai ƙyalli, yana zamewa a laka mutane na yi masa dariya, shi ma yana yi. Muka raka Baba asibiti. Da Baba Ssali ya hango shi a ƙofa sai ya buɗe hannu, ashe ƙwayoyin nan biyu suna wurinsa tun ran Asabar, Nabbosa ta ce ko wanka za a yi masa ba ya yarda a karɓa. Ya miƙa wa Baba ɗaya. Suka riƙe hannun juna, mu duka muka fita waje muka ba su wuri.

Da muka dawo gida Baba ya cinye matoke da miyar gyaɗa har ya nemi ƙari. Ya dubi Nabukenya ya ce wai wannan wace irin mata ce, ta zo hutu sati uku ba ta kawo wa mijinta ko burodi ba, zai sake ta ya auro 'yar Masaka. Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a gwiwarsa yana shafa mata. Kiberu kuwa yanzu akwai wani kwali manne a bangon shagonsa da rubutun 'yarka, ba ya karanta zargi a kan kowa sai ya aika an ji ta bakin mutumin. Har yanzu lauyar Kampala yake ce mata, amma yana miƙewa in zai faɗa.

Ran ashirin ga wata za ta koma shekararta ta ƙarshe. Ba ta san na rubuto maka ba. Ni ba zan ce maka aikin jinya ba shi da kyau ba, amma na zauna da majinyacin da ba allurar da za ta tashe shi, na kuma ga abin da ya tashe shi. Ka kira ta, ka bar ta ta kai ƙarshen maganarta ko sau ɗaya ne, kuma kada in sake jin kalmar surutun nan a bakinka, in ba haka ba ka san hannuna bai manta kunnenka ba.

Ka gaishe min da Kasozi in ya huta gajiyar hanya, ka ce na gode da ɗaukar saƙo. Ka gaishe da Bukenya ɗan Kawu da kuke ɗaki ɗaya, ka ce uwarsa tana cigiyar muryarsa. Nakitto tana gaishe ka, Nabbosa ma ta ce in gaishe da direban Larabawa. Ka sa Baba Ssali a addu'a, jiya an ce ya motsa ƙafa. Yanzun nan na ajiye biro na je in tambayi Baba ko yana da saƙon da zan rubuta maka, na tarar da tabarma a naɗe, keke ba ya bayan ɗaki. Ka yi haƙuri da rashin saƙonsa, Baba ba ya gida, ya fita.

Taka har kullum,
Yayarka Nanyonga